Katin Da Ya Zaga Unguwa

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Kusada, na tafka wani abu da har yau in na tuna sai dariya da kunya su taso mini tare. Ɗazu ina laluben biro a aljihun teburina na ci karo da wani tsohon kati a naɗe cikin leda, shi ya tuno mini. Na ce bari in ba ku labarinsa.

Aikina gwajin jini ne. Mu mutanen Kankia ne, amma don gudun sintiri a kan babur kullum, sai na tare wurin kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, a Yashe. Ƙarshen mako nake leƙa gida. Kakata 'yar gajeriyar tsohuwa ce mai sayar da daddawa, bakinta ba ya shiru, hannunta kuma ba ya rufewa. Duk abin da unguwa ta rasa, gidanta ake zuwa aro: rariya, turmi, tsani, babbar tukunyar biki, har mayafin zuwa suna. Ba ta san ko bihim a boko ba, amma in ka ari allurarta bara, bana za ta faɗa maka ranar da ka karɓa da rigar da ke jikinka. Ni kuwa angonta take ce mini, ni ina ce mata tsohuwa, kullum muna cikin tsiya kamar sa'o'in juna.

Gab da faɗuwar damina sai ga abokina ya zo. Tare muka yi sakandare a Kankia, benci ɗaya. Ni na tsaya inda ƙwaƙwalwata ta tsaya, shi ya miƙe har yana neman digirin digirgir a jami'a, a kan riga-kafin zazzaɓin cizon sauro. Ya same mu a tsakar gida, kakata ta dama masa fura, ta kuma tsare shi sai ya faɗa mata wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa.

Ya ce, "Iya, ƙwayar cutar da sauro ke zuba wa mutum kamar ɓarawo take mai riga. Mu a ɗakin gwaji muna ɗinka ɗan ƙyallen rigar nan da kanmu. Ba daga jikin ƙwayar muke yanko shi ba, daga sinadarai muke haɗa shi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake zura 'ya'yan carbi. In aka nuna wa jinin yaro ƙyallen ya riƙe kamanninsa, ranar da ɓarawon ya shigo da gaske sai masu gadin jiki su cafke shi."

Kakata ta dube shi ta ce, "To in ɓarawon ya sake riga hwa?"

Saura kaɗan ludayin ya suɓuce masa. Ya ce wallahi wannan tambayar ce ta sa malamansa furfura. Ƙwayar tana sake riga kuwa, shi ya sa suke neman ɓangaren da ba ta iya sakewa. Akwai wani guntu da yake kyautata wa zato, shekararsa uku a kansa. Da Turanci feftaid suke ce wa irin waɗannan guntaye. Kakata ta ce ita ba za ta karya harshenta ba, ƙyalle ya ce, ƙyalle za ta riƙa cewa. Shi kuma daga ranar ya zama likitan sauro.

Ba allura ya zo yi wa kowa ba, wannan da sauran tafiya mai nisa. Abin da yake son sani tukuna shi ne, yaran da jininsu ya riga ya san wannan ƙyalle da kansa, sun fi sauran tsira daga zazzaɓi ko kuwa? Ya zo da takardun izini, aka je wurin mai gari, aka yi wa iyaye bayani, waɗanda suka yarda aka ɗibi ɗan jinin 'ya'yansu aka zuba a kula mai ƙanƙara ya tafi da shi jami'a. Kowane yaro aka ba shi kati mai lamba. Duk ranar da jikinsa ya yi zafi a daminar nan, a kawo shi da katinsa, in gwada shi, in zazzaɓin sauro ne a ba shi magani kyauta daga wanda abokina ya ajiye, ni kuma in rubuta a wani babban littafi. Bayan damina sai ya haɗa abin da jini ya nuna da abin da littafi ya ce.

Ranar da zai tafi ya ɗora littafin a hannuna ya ce, "Mutumina, jini ba ya ƙarya. In ƙarya za ta shigo aikin nan, ta littafin nan za ta shigo. Shekaruna uku ne na ba ka riƙo." Na bugi ƙirji na ce ya je ya yi barcinsa har da minshari.

Wata guda ina aiki tsaf, har ina jin kaina wani babban mai bincike. Sai marka ta kankama. Wata safiya ina jera kayan aiki sai ga kakata ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba, bayanta wata maƙwabciyarmu rungume da yarinya 'yar shekara uku. Jikin yarinyar kamar garwashi, idanunta sun fara juyewa. Ba ta da kati, domin lokacin da aka yi rajista uwar tana ƙauyen Boko wurin iyayenta tana wankan jegon ƙanin yarinyar. Maganin asibitinmu kuma ya ƙare a makon, sai na abokina kaɗai, wanda aka ce na masu kati ne.

Kakata ta kwance bakin zane ta ajiye kati a kan teburina. Lamba arba'in da bakwai. Na san shi sarai, na 'yar kawuna ne da take riƙo, wata ƙatuwar yarinya 'yar shekara biyar da na baro a gida tana bin awaki da gudu.

Na ce, "Tsohuwa, wannan ai ba ita ba ce."

Ta ce, "Na ce maka ita ce? Kati nawa ne, na ara mata. Ko turmina in zan ba da aro sai na nemi izininka?"

Na fara yi mata bayanin cewa ba haka tsarin yake ba. Ta katse ni.

"Angona, dubi ɗiyar ga, sannan ka dubi takardar. In ka ƙi, wacce za a rufe a cikinsu?"

Na gwada yarinyar, zazzaɓin sauro ne, na ba da magani. Wannan kam ban taɓa nadamarsa ba. Inda na ɓata shi ne da na ɗauki biro. Ga waya a aljihuna, kira ɗaya zan yi in ce wa abokina ga abin da ya faru, in rubuta gaskiya a wata takarda daban. Amma na ji tsoron kada ya ce tun ba a je ko'ina ba na karya masa doka. Sai na buɗe littafi na rubuta cewa lamba arba'in da bakwai ta yi zazzaɓi. Na ce wa raina sau ɗaya ne, layi ɗaya a cikin wannan uban littafi wa zai kula?

Yarinyar ta warke, labari kuma ya bazu. Katin kakata ya shiga sahun rariya da tsani. Yau yana wannan gida, jibi yana wancan. Sauran mata masu kati su ma suka ga ai rowa ce ɗan maƙwabciya yana rawar ɗari kai kana da takardar magani a ƙarƙashin tabarma. A wurinsu ba ƙarya ba ce ko kaɗan, zumunci ne, kuma duk wadda ta hana za a daɗe ana nuna ta da baki. Ni da na san ƙarya ce, tunda na buɗe ƙofar da hannuna, da wane bakin zan rufe ta? Akwai ranar da aka kawo mini yaro namiji, har da 'yar hularsa, da katin 'yar kawuna. Na ɗaga kai na dubi uwar, ta sunkuyar da kanta, ni ma na sunkuyar da nawa na rubuta.

Da damina ta ja baya, gero ya nuna, na aika wa abokina littafin, ba a daɗe ba ya dawo. Tun daga yadda ya kafe babur na san ba lafiya. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Muka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidan kakata ya buɗe kwamfutarsa. Ya ce lissafin ya ƙi. Yaran da jininsu ya fi sanin ƙyallen, da yawansu su ne littafi ya nuna sun fi kwanciya.

Ya ce, "Dubi wannan. Arba'in da bakwai. Duk garin nan babu jinin da ya kai nata gane shi. Amma sau bakwai ta kwanta a damina ɗaya."

Daidai lokacin sai ga mai lambar ta fito daga gida a guje da guntun rake a baki, ta haye katanga ta dire ta can. Abokina ya bi ta da kallo ya ce, "Ikon Allah, kamar ba ita ba."

Ni ma na ce, "Ikon Allah." Jama'a, da bakina na faɗa.

Ya rufe kwamfutar ya ce ƙarshen mako zai rubuta wa malamin da ke duba aikinsa cewa ƙyallen ba shi da amfani, a jefar. Ko ya faro wani daga tushe, ko ma ya haƙura da karatun, don ya gaji. Har ya yi mini godiya a kan wahalar da na sha. Wannan godiyar ta fi mari zafi. Ranar ko taɓa tuwon kakata ban yi ba, har tana tambayata ko wata ce ta ce ba ta sona.

Washegari na nemi izini na tafi Kankia. Mahaifina malami ne, yana da makarantar allo a zauren gidanmu, yana kuma noma. Na tarar ya tafi gonarsa ta wajen Rimaye, na bi shi can. Ana yankan gero, shi yana ɗaurin dami. Na kama masa muna yi, ina ta kewaye-kewaye, har dai na amayar da komai. Bai ɗago ba sai da ya gama ƙulla damin da ke hannunsa.

Ya ce, "Yaran da ka ba maganin, sun warke?"

Na ce sun warke.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan tsakaninka da Allah, Shi zai biya ka. To shi littafin, wa ya ba ka?"

Na ce abokina.

"Ya ce ka rubuta abin da ka gani, ko abin da zai raba ka da faɗan kakarka?"

Ya zauna a kan damin ya share gumi, ya ce lokacin da yake kwafar littattafai da hannu a gaban malaminsa, wani lokaci sai su tarar gara ta ci wani wuri a tsohon littafin. Ɗalibi mai rawar kai sai ya cike gurbin da abin da yake zato, don shafi ya yi kyau. Malaminsu kuwa cewa yake a bar wurin fari, a rubuta a gefe cewa nan gara ta ci. Wanda ya zo baya in ya ga gurbi zai je ya nema. In kuwa ya tarar an cike, zai karantar da shi a matsayin gaskiya, ɗalibansa su karantar da nasu, har bayan ƙasa ta rufe idon wanda ya rubuta.

Ya ce, "Kai ba gurbi ka bari ba, cikewa ka yi. Kuma ba shekarun abokinka kaɗai ke ciki ba. In abin nan da yake nema na kirki ne, ka sa an jefar da shi, 'ya'yan wa ka cuta? Tashi ka je tun bai aika takardar ba. Bar damin, ba ya gudu."

Na sami abokina a zauren gidansu da la'asar sakaliya, kwamfuta a cinya, ya ma fara rubuta wasiƙar. Na zauna nesa da shi kamar baƙo na faɗa masa tun daga safiyar markar nan har yaro mai hula. Da na gama ya ce, "Sau nawa?"

Na ce na arba'in da bakwai duka bakwai ɗin ba ita ba ce. Sauran katunan kuwa ban san adadi ba.

Ya ce, "Ba ka sani ba." Ya maimaita a hankali. Sannan ya ce, "Na zauna a gabanka jiya kamar zan yi kuka, ka ce mini ikon Allah. Tashi ka tafi, don Allah, kada in faɗi abin da zai raba mu."

Kwana uku ko gaisuwata a waya bai amsa ba. Na gama sallamawa cewa na rasa aboki, aikin ma ina jiran takardar kora, don in ya kai ƙara hukuma ba ni da bakin magana. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Rana ta huɗu da hantsi sai ga shi a Yashe da littafin a hammata. Ya amsa sallamata a daƙile ya wuce ni, kai tsaye wurin kakata. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ita ko a jikinta, ta riga ta ji labari daga bakina, ta kuma shirya.

Ta ce, "Likitan sauro, in hwaɗa ka zo yi, ni ban ga laihina ba. Ɗiya na masassara, ga magani ajiye, sai in tsaya kallo?"

Ya ce, "Iya, da ni ne a wurin, ni ma zan ba da maganin. Ba wannan ya kawo ni ba. Kin tuna ƙyallen nan? Littafi ya ce jikarki ta kwanta sau bakwai, alhali jininta ya fi na kowa saninsa. Saboda haka na kusa jefar da shi. In ya kasance na kirki ne, da na jefar da abin da wata rana zai hana jikokin jikokinki kwanciya tun farko."

Kakata ta juya daddawar da ke shanye a faifai, ta sake juyawa. Can ta ce, "Ashe takarda ma tana da haƙƙi." Sai ta gyara zama. "Kawo littahin. Ba abin da ya taɓa hita gidan ga ban san hannun da ya shiga ba."

Nan na ga abin mamaki. Ina karanto ranar, ta ce ita ba ta san kwanan watan Bature ba, in faɗa mata abin da ya faru a ranar. To da ni da ita muka riƙa lalube. Ranar da ruwa ya kayar da katangar bayan masallaci, ta ce ɗan wance ne, mai hula. Kwana biyu bayan sunan gidan mai gari, 'yar wance ce, ta maido katin da ɗan mai a jiki har ta yi mata faɗa. Bakwai ɗin nan ta jero su ba gargada, da sunan uwa da na yaro.

Sannan ta yafa mayafi ta zaga unguwa. Bayan la'asar tsakar gidanta ya cika da mata, kowacce da katinta a bakin zane. Da farko sun tsorata, sun zaci ƙwace katunan za a yi. Kakata ta ce ba wanda zai taɓa su, tambaya ɗaya ce, wa kika ara wa, yaushe? Ashe duk haka suke. Matar da za ta manta shekarun ɗanta ba ta manta wadda ta ari kayanta. Aka yi ta musu, ana dariya, wata ta ce ranar kasuwar Kusada ce, wata ta ce a'a, washegari ne, don ranar kasuwar tana gona.

Abokina ya kafa sharaɗi, sai mai kati da wadda ta ara sun yi daidai a kan rana da yaro kafin a gyara layi. Inda suka saɓa ya tsaya yana cizon biro. A nan na yi ƙarfin halin buɗe baki, karo na farko tun zuwansa, na ba shi labarin garar mahaifina. Ya dube ni, ya ɗauke kai, sannan ya rubuta a gefen layin cewa ba a tabbatar ba. Yamma uku muka yi muna wannan aiki.

Guraben da muka bari suna da yawa. Ya ce abin da ya rage bai isa a yanke hukunci da shi ba, ko na yabo ko na suka. Abin da ya tabbata kawai, babu dalilin jefar da ƙyallen. Sai an sake wata daminar daga farko. Shekara guda cur ta rayuwarsa, ni na ci masa ita da birona.

Kafin ya aika wa malaminsa bayani sai da ya karanta mini. Na zauna ina jiran in ji inda za a yanka ni. Bai ɓoye komai ba, ya faɗi abin da na yi yadda na yi shi. Amma ya fara da cewa kuskuren farko nasa ne, shi da ya tsara aikin da za a ba ɗan wannan gida magani a hana na wancan, a garin da ko gishiri ba a hana maƙwabci. Ya rubuta cewa mai gwajin da ya yi kuskuren shi ne ya kawo kansa tun kafin a gano, kuma yana roƙon a bar shi a kan aikin. Da ya kai nan na kasa ɗaga ido.

Ya ce, "Na daɗe a birni har na manta yadda ake zama a garinmu." Kakata ta kawo mana ɗanwake a kwano ɗaya, ya turo shi gabana da ƙafa ya ce, "Matso mu ci, malam ikon Allah." Har yau in yana son ya ƙure ni haka yake kirana.

Malamin nasa ya yi faɗa sosai, na ji, amma ya amince. Da damina ta zagayo aka sake sababbin katuna masu hoton yaro a jiki, aka kuma ƙara littafi na biyu, duk yaron da aka kawo da zazzaɓi a duba shi a ba shi magani, da kati ko babu. Abokina ya sake ɗora littattafan a hannuna. Na ce, bayan abin da na yi? Ya ce ai yanzu duk ƙasar Kusada ni ne mutumin da ya tabbata ba zai ƙara ba. Kakata kuwa ba wanda ya naɗa ta, ta naɗa kanta mai gadi. Takan zo ta zauna a bakin ƙofar asibiti da faifan daddawarta, duk wadda ta zo sai ta karɓi kati ta dubi hoto ta dubi yaro. Ita da ko hoton kanta sai ta kai shi dab da hanci take ganewa.

Abokina ya gama karatunsa, yana koyarwa yanzu. Ƙyallen kuwa har yau yana ɗakin gwaji, ana ta bin matakai. In na tambaye shi sai ya ce irin wannan aiki ba a yi masa gaggawa, mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa wani ne can gaba, kuma riga-kafin da ake jin labarinsa a rediyo wani iri ne daban. Ni dai abin da na sani, in ma an ajiye shi wata rana, gaskiya ce za ta ajiye shi, ba rubutuna ba.

Kakata ta rasu bayan 'yan shekaru, Allah Ya jiƙanta. Ana zaman makoki mata suka riƙa shigowa da kayanta da ke hannunsu. Wannan rariya, waccan ludayi, wata tsani a ka. Sai da suka cika rabin ɗaki. Ana cikin haka wata mata ta sa aka kira ni, ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin leda. Maƙwabciyar nan ce ta safiyar marka. Ashe ita ta fara aron katin, ita ce kuma ta ƙarshe, da aka sake sababbi sai ya zauna a wurinta. A gefenta ga wata yarinya doguwa cikin hijabin Islamiyya, rungume da jakar littattafai.

Ta ce, "Na Iya ne. Aro ne, na maido." Ta dafa kan yarinyar. "Wagga ce, mai masassarar nan."

Duk kwanakin nan ina ta daurewa a gaban mutane, amma a nan kam sai da na juya na fuskanci bango.

In na dubi baya, godiya ce ta fi yawa a raina. Ina gode wa Allah da Ya ba ni uban da bai yi mini tsawa ba, ya zaunar da ni a kan dami ya nuna mini girman abin da na raina. Ina gode wa abokin da yake da hanyar kayar da ni a hannunsa, ya zaɓi ya ɗauki rabin kayan a kansa. Tsohuwar nan kuma, ita ta jefa ni ramin, ita ta fito da ni, ban san ko godiya zan yi mata ko tsiya ba, kuma ba ta nan balle ta rama. Na koyi cewa ana iya yin tausayi ba tare da an yi ƙarya ba, ni ne na zaci sai an zaɓi ɗaya. Tun daga lokacin, in sabon ma'aikaci ya zo hannuna, abin da nake fara ce masa shi ne, ka ba mara lafiya magani, ka ba littafi gaskiya, inda ba ka sani ba ka bar gurbi.

Katin na mayar da shi ledarsa na ajiye inda yake. Biron dai har yanzu ban gan shi ba. Ina jin wani ne ya ara, ga shi wadda za ta faɗa mini ko wane ne ba ta nan.